Takalmin Mai Ɗaukar Jaka

Shekara talatin da bakwai ina saɓe da jakar sandunan wasu
a filin golf na bakin teku, can arewacin Sukotlan,
inda hadari ba ya sallama,
iska ta taso da gishiri a bakinta,
ciyawa kuwa ko rana ta fito ba ta bushewa.

Tsohon takalmina ya yi mini biyayya
har ya fara hamma ta gaba.
Ran Laraba, a rami na sha huɗu,
sanyi ya shigo ta babban yatsa
kamar baƙon da ya san hanyar ɗaki.
Safa ta jiƙe. Kowane taku, caɓal, caɓal,
har mai wasan da nake bi ya fasa bugu, ya juyo yana dubawa.

Jikata Ishbel ta ce, "Kaka, ya isa.
Jaridar da kake cusa masa da dare ta gaji da shan ruwa."
Na ce to, amma sai la'asar,
ƙafa kumbura take in yini ya yi nisa,
wanda ya gwada da safe, da yamma zai sha matsuwa.

Shagon Torquil, ƙasa da coci.
Ya jero kwalaye.
Na farko fari fat, ko ƙuda ya sauka sai an gani,
na ce ajiye wa masu zuwa ɗaukar hoto.
Na biyu ya murƙushe mini ƙaramin yatsa.
"Zai saki," in ji Torquil.
Na ce, "Ɗana, takalmin da ya cije ka a shago
a fili haɗiye ka zai yi.
Mil biyar nake takawa a kowace zagayawa."

Na uku ruwan ƙasa ne, ba kyan gani,
mai faɗin baki kamar kwaɗo.
Na sa safar ulun da nake aiki da ita, na zura.
Na danna gaba da yatsa: akwai wurin numfashi.
Dunduniya ta zauna daram.
Na kifa shi, na ƙirga haƙoran roba
da za su kama gangaren rami na shida,
inda Lachlan ya zame bara,
ƙugunsa har yau bai daina tunawa.

"Ba ya shan ruwa," in ji kwali.
Gani ya kori ji. Na ce a miƙo butar shayi.
Torquil ya dubi Ishbel, Ishbel ta dubi rufi.
Na tsaya bakin ƙofa na tsiyaya a kan fatar,
ruwan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya, ya gangare
kamar a bayan agwagwa.

Kuɗin da zafi.
Ina lalube a aljihu, yarinyar ta riga ni biya.
Na yi faɗa, ba wanda ya saurara.

Sai kuma sama ta yi mini rowa.
Kwana tara garau,
a garin da ko ranar aurena sai da lema muka fito!
Kullum in ɗaga kai ina neman gajimare
kamar mai bin bashi.

Rana ta goma ya kece.
Kowa ya ruga rumfa. Ni na sauke jaka,
na nufi kududdufin nan na rami na sha huɗu,
na faɗa da ƙafa biyu, ɗan shekara sittin da takwas,
ruwa na dukan hula, yana bin wuya, yana shiga hannun riga,
ni kuwa ina motsa yatsu goma a cikin ɗumi,
ina dariya ni kaɗai.

Tsohon yana nan bakin ƙofa.
Ishbel ta cika shi da ƙasa, ta dasa masa fure.
Ya dace da aikin,
shi dama ya saba shan ruwa.